Motar Gwaggo Kande da Amaryar Mayo Gwoi

A Majidaɗi, in ka ce "motar Gwaggo Kande" ka gama kwatance. 'Yar ƙaramar mota ce ta iyali, ruwan toka, mai kujeru layi uku da ƙofar gefe da ake zugewa. Ta hannu ce, wata ƙasar ta gama cin ƙuruciyarta kafin ta iso Jalingo. Injinta na fetur ne ɗan mitsitsi, wanda in ka kunna masa na'urar sanyi a kan hawa sai ya kama nishi kamar tsohuwar da ta ɗauko tulu daga rafi. Tobias, bakaniken da ke duba ta tun ranar da ta shigo gari, ya sha gaya wa mai ita gaskiya.

"Mama, wannan mota shi ba ya son wahala biyu. Ko sanyi, ko tafiya, sai ka zaɓa ɗaya."

Kande ta zaɓi tafiya. Tun daga nan gilasan motar a sauke suke rani da damina, kuma duk layin da ta bi sai an san ta bi, don ba ta iya gaisuwa a hankali ba.

Asalin su Kande Katsinawa ne. Fatauci ne ya kawo kakanta, ya ga wuri ya zauna, har jikokinsa suka tashi suna ce wa yayarsu Adda, irin kiran Fulani, kamar kowane ɗan ƙasar Muri. A nan aka haife ta, a nan ta auri Malam Aƙilu tela, bawan Allah da ba ya son hayaniya ko kaɗan, Allah kuma cikin ikonsa ya haɗa shi da ita. Ba su sami haihuwa ba. Sana'arta busasshen kifi da shinkafa 'yar gida, takan je Lau bakin Binuwai ta saro, ta kawo babbar kasuwa. Shekara da shekaru tana cusa kanta a motocin haya, 'yan kamasho suna yi mata tsiya a kan ƙarnin kifi, har ranar da wani direba ya sauke mata kwanduna a tsakiyar hanya saboda wani fasinja mai farin yadi ya ce warin zai kama masa riga. Ta zauna a kan kwando cikin rana, ta rantse ba za ta ƙara roƙon ɗan kowa kujera ba. An daɗe kafin rantsuwar ta cika, amma Kande ba ta manta irin wannan.

Ta haura arba'in lokacin da ta koyi tuƙi a filin wata firamare, inda wata bishiyar mangwaro har yau take ɗauke da tabo. Unguwa ta yi dariya ta ƙoshi. Ƙanenta Abdulmuttalib, mai shagon kayan gini, ya zo har gida da fuskar nasiha.

"Adda, ki dubi girmanki. Ki sami direba ya riƙa ja miki ita mana."

"In ciyar da ƙato, ya kuma kashe ni a hanya? Sitiyarin ne ya aiko ka ka ce ba ya son hannun mace?"

Ya juya wajen Malam Aƙilu neman goyon baya. Malam Aƙilu ya ci gaba da taka kekensa, ya ce shi dai jiya an kai shi kasuwa a cikinta, kuma kujerar tana da taushi.

Da a kan kifi da shinkafa motar ta tsaya, da ba wanda zai ba da labarinta. Abin da ya sauya mata suna shi ne rasuwar Fanta, matar Abdulmuttalib, Bafulatanar Lau mai sanyin magana, wadda Kande ke so fiye da ƙanen nata, kuma ba ta ɓoyewa. Fanta ta yi gajeriyar jinya, ta cika da hantsi a asibiti, mijinta yana Kano wajen sarin kaya. Kafin ta cika ta riƙe hannun Kande ta roƙe ta abu biyu. Na farko a mayar da ita Lau, don tsohuwarta, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, ta gan ta kafin a rufe ta. Na biyu a riƙe mata Najiba, 'yarta tilo, wadda a lokacin ba ta gama firamare ba.

Kande ta fita bakin asibiti neman mota. Ta asibitin ta tafi wani aiki, ba a san lokacin dawowarta ba. Direbobin haya kuwa kowa ya yi mata ta'aziyya mai kyau, sannan ya kau da kai. Ɗaya ne ya gaya mata gaskiya, ya ce in aka ga gawa a motarsa yau, gobe fasinja zai riƙa wuce ta a tasha. Rana tana ɗagawa, ga tsohuwa can tana jira. Kande ta tsaya tana kallon 'yar motarta da ta ajiye a gindin bishiya. Ta buɗe baya, ta kwantar da kujerun, ta shimfiɗa tabarma, sai ta ga ashe tsawon mutum ya shiga daidai.

Ta soka ɗanyen ganye a gaban motar, yadda ake yi in an ɗauko gawa. Wani dattijon unguwa ya zauna gaba. Najiba kuwa ta ƙi rabuwa da uwarta, wadda take kira Dada, ta zauna a ƙasa daga baya, ta riƙe ƙafarta ta saman zanen da aka lulluɓa mata. Wanda ya san hanyar Lau ya san abin da ramukanta ke yi wa mai rai ma. Yarinyar ba ta yi kuka ba, magana ɗaya ta yi duk tsawon tafiyar.

"Gwaggo, ki bi a hankali, tana jijjiga."

Kande ta bi a hankali. Suka isa kafin la'asar, tsohuwa ta shafa fuskar 'yarta, aka yi mata sutura aka kai ta. Da aka share makoki Najiba ta shiga motar ta zauna a kujerar gaba, Kande ta wuce da ita gidanta kai tsaye. Abdulmuttalib bai hana ba, don ya san amsar da zai samu ba mai daɗi ba ce.

Labari ya bazu a Majidaɗi A da B cewa har makara tana shiga motar Kande. Tun daga nan lambarta ta zama wadda ake kira in an rasa yadda za a yi. Ta ɗauko dattijo daga asibiti, ta ɗauko mai jego da ba ta tashi ba, ta ɗauko jariri da ubansa ya rungume a kujerar tsakiya. In gida ya yi nisa da maƙabarta takan kai makara har bakin ƙofa, ta tsaya daga waje, maza su shiga da ita. Da Paul ya rasu, mijin Esta maƙwabciyarta 'yar Mumuye, ita ta kai shi ƙauyensu a bayan duwatsu, injin yana nishi a kan hawa, Kande tana lallashinsa da baki kamar jaki. Ba ta taɓa mayar da abin sana'a ba, wanda ya matsa sai ta ce ya zuba mata mai in yana da hali.

Ta kuma yi wa aikin tsarinta na kanta. Kande da ke danna hon tun daga kan kwana ko da aron gishiri ta je, in ta ɗauko gawa ba ta taɓa shi. Takan shigo layi shiru, ta juya motar, ta matso da baya da baya har bakin ƙofar gida, don maza su sauke ba tare da an yi ta jujjuya mamaci a idon jama'a ba. Gari ya haddace wannan. In aka ji hon, Kande ce ta zo da surutunta. In aka ga motar tana matsowa da baya shiru, mata sun san abin da ya iso tun kafin a buɗe ta. Bayan kowace ɗauka takan wanke ta da kanta ciki da waje, amma ƙamshin kafur ya riga ya kama kujerun, ya zauna tare da ƙarnin kifi ba mai korar wani.

Sai ga halin mutane. Matan da suka kira ta suna kuka ranar da tasu ta same su, su ne in ta tsaya za ta rage musu hanya ranar suna ko biki za su ce, "A'a Gwaggo, yanzu kekenmu zai zo." Har a cikin ruwan sama an yi mata haka. Wata a kasuwa ta taɓa ɗaga kifi da yatsu biyu, ta tambaya ko a motar nan aka kawo shi. Kande ta karɓe kifinta ta mayar kwando, ta ce, "A cikinta aka kawo shi, kuma shi ma ba da ransa ya shigo ba. Gaba akwai masu kifi." Abin yana yi mata ciwo, ƙarya ne a ce ba ya yi. Sai dai Kande in abu ya yi mata ciwo ba ta janyewa, taurin kai yake ƙara mata.

Najiba ce ba ta taɓa ƙyamar motar ba. A cikinta aka riƙa kai ta sakandare, a cikinta take bitar jarrabawa in suna jiran a loda shinkafa, a cikinta aka kai ta kwaleji da akwati da katifa. Ta tashi doguwa mai sanyin uwarta, ba ta da yawan magana, abin da ya yi wa Malam Aƙilu daɗi ƙwarai. Ita kaɗai bayan Kande ta san dabarar ƙofar gefen nan, wadda ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga ta sama kafin a ja.

Da Suhail ya fito neman aurenta kowa ya yaba. Ɗan Alhaji Maishanu ne na unguwar Mayo Gwoi, tsohon gida na masu shanu da suka daɗe da zama gari, yaro mai ladabi da ke aiki a sakatariya. Najiba tana son shi. Kande ta bincika har ta gaji ba ta sami abin kushewa ba, sai ta haƙura ta so shi ita ma. Aka sa rana, aka gyara wa ango sashe a cikin gidan mahaifinsa. Ita kuwa Kande tun ranar Lau ta ajiye abu ɗaya a ranta, ba ta gaya wa kowa ba: ita za ta kai 'yar Fanta ɗakin miji da hannunta, a motar da ta kai Fanta gida, ta sauke roƙo na biyu yadda ta sauke na farko.

Biki ya matso, sai hawan jinin Alhaji Maishanu ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Ranar jere, da dangin amarya ke kai kayan ɗaki su shirya, babbar mota ta riga ta kai gado da kujeru. Kafet ne ya rage, dogo a naɗe, wanda Kande ta lulluɓe da farin zanen gado don kada ya kwashi ƙarnin kifi. Ta kwantar da kujeru ta zura shi. A hanya hankalinta yana kan labule da tukwane, ta manta da hon. Ta iso ƙofar gidan Maishanu, ta tuna nauyin kafet ɗin, sai hannunta ya juya sitiyari da kansa, ta matso da baya da baya har bakin zaure, shiru.

Hajiya Binta, uwar ango, tana tsakar gida riƙe da kwanon abincin da za ta aika wa mijinta asibiti. Ta ɗaga ido ta hango ta cikin zaure: motar Kande, da baya, ba hon, ga abu dogo cikin farin ƙyalle. Kwanon ya suɓuce mata. Ta kurma ihu ta zube a wurin. Kafin Kande ta zagayo ta buɗe baya gida ya ɗauki kuka, maƙwabta sun fara shigowa da salati, wani mai azarɓaɓi har ya kira dangi a waya. Sai da aka warware kafet ɗin a tsakar gida, ja mai zanen furanni, aka kuma kira asibiti Alhaji ya yi magana da bakinsa yana tambayar ina abincinsa, sannan kukan ya tsaya.

Matasan gidan sun ci dariya a bayan ɗaki, amma Hajiya Binta ba ta yi ba, sai da ta kwanta ciwo. Kande ta ba ta haƙuri, da gaske kuma, har ƙasa ta durƙusa, abin da ba a saba gani ba. Hajiya ta ce ya wuce, kuma kowa ya ji a muryarta bai wuce ba.

Bayan an sallamo Alhaji, Abdulmuttalib ya zo da saƙo, yana ta murza hula a hannu.

"Adda, gidan Maishanu sun roƙi arziki. Ranar kai amarya abokan ango za su kawo motoci. Akwai babbar jif da aka tanada, ke za ki zauna kusa da Najiba a ciki, ke za ki shigar da ita ɗaki, ba wanda ya hana ki. Motar nan ce kawai suka ce kada ta taka layinsu."

"Me ta yi musu?"

"Kin fi ni sani. Hajiya ta ce gabanta faɗuwa yake in ta tuna ta. Dangi kuma suna cewa ba a fara zaman aure da motar gawa."

"Motar gawa," Kande ta maimaita, tana kallonsa har ya kau da ido. "Ranar da kake Kano kana cinikin kwanon rufi, wace mota ce ta kai matarka gaban uwarta? Jif ce?"

"Adda, don Allah. Kada ki ɓata wa yarinyar nan zama da surukarta tun ba ta shiga ba."

Wannan maganar ta shige ta, don gaskiya ce, kuma ita ce kaɗai abin da Kande ke tsoro. 

"Ka je ka ce na ji," ta ce. "Ba zan ɗauki amarya da ƙarfi ba, ba zan yi wa kowa faɗa a bikin 'yata ba. Amma ni ba na shiga jif. Hannun nan da suke so ya riƙe ta a jif, shi ne yake ɗaga gawar, shi yake gyara mata lulluɓi. Mota ƙarfe ce, Abdulmuttalib. In akwai abin ƙyama, a jikina yake. Ko ni da motata, ko a nemi wata gwaggon."

Da ya tafi, Malam Aƙilu ya tsayar da keke, ya ce, "Kande, rana ɗaya ce fa." Ta ce ta sani, ita ce ranar da take jira tun yarinyar tana firamare. Mai hankali zai ce ta haƙura ta shiga jif ɗin, ita ma ta gaya wa kanta haka ba sau ɗaya ba. Amma duk lokacin da ta kusa yarda sai ta ga kamar ta yarda ne cewa abin da ta yi wa Fanta abin kunya ne da ake ɓoyewa ranar biki, sai zuciyarta ta ƙi. Ba ta gaya wa Najiba komai ba, don ba ta son sa yarinya a tsakiya. An sa amarya a lalle, tana ɗaki cikin ƙawaye, amma a gidan biki ba maganar da ba ta shiga ɗaki.

Aka ɗaura aure da safe. Bayan la'asar motocin abokan ango suka cika layin, jif ɗin tana gaba, baƙa wuluk, an ɗaure ta da ƙyalle mai sheƙi. Kande ta wanke motarta tun da hantsi, ta tayar da kujerun duka, ta bar ta a gindin darbejiyar ƙofar gida inda take kwana kullum. An so ta kawar da ita daga idon jama'a, ta ce ƙofar gidanta ce. Ta sa ankonta, ta shiga ɗaki ta yi wa amarya nasiha a gaban mata yadda ya kamata, ta danƙa hannunta a hannun ƙanwar Fanta da ta zo daga Lau, sannan ta fita ta shiga motarta ta zauna, hannu a kan sitiyari, ba ta tayar ba. Kanta a ɗage yake. Can sai ga Esta ta buɗe gaba ta zauna kusa da ita.

"Mama, ni ba zan bar ka ka zauna kai kaɗai ba. Mota ɗin nan ya kai Paul gida. In ba ya tafiya, ni ma ba na tafiya."

Aka fito da amarya lulluɓe tun daga kai har ƙafa, tana kuka ƙasa-ƙasa, mata suna guɗa. Aka kai ta bakin jif, aka ce, "Bismillah, ƙafar dama." Ƙafa ba ta ɗagu ba. Mata suka ɗauka nauyin ƙafa ne irin na kowace amarya, suka shiga lallashi, abokan ango suna zolaya. Sai aka ji murya daga cikin mayafi.

"Ina Gwaggo?"

Aka ce Gwaggo tana nan, ta shiga kawai. Najiba ta zare hannunta daga na ƙanwar uwarta, ta juya, ta ratsa mata ita kaɗai, abin da amarya ba ta yi. Guɗa ta tsaya cak. Ta isa gindin darbejiya, hannu mai lalle ya fito daga mayafi, ya ɗan ɗaga ƙofar gefe ya zuge ta, ta shiga ta zauna a kujerar tsakiya.

Abdulmuttalib ya taho da sauri, babbar rigarsa tana jan ƙasa. "Najiba, me ke nan? Mutane suna kallo."

"Baba," ta ce, ba ta ɗaga mayafin ba, "wannan ce ta kai Dada gida."

Ya tsaya riƙe da ƙofar. Shi ba ya nan ranar, kuma bai taɓa tambaya yadda aka yi tafiyar ba. Ya dubi cikin motar kamar yau ya fara ganinta. Sai ya matsa gefe ya ba ƙanwar Fanta hanya, ta shiga, wasu matan Lau da suka tuna ranar suka bi ta har motar ta cika. Shi da kansa ya ja ƙofar, ta ƙi, sai da Kande ta ce masa ya ɗaga ta sama. Abokan ango suka kira Suhail a waya, ya ce su bi bayanta.

Kande ta juyo. "Najiba, kin san gidan da za ki shiga. In don ni ne, ki sauka, na yafe."

"Na sani, Gwaggo. Ki bi a hankali."

Ko ba ta faɗa ba, a hankali za a bi, don ɗan injin nan da mata cike da mota ba ya iya wuce haka. Haka aka tashi daga Majidaɗi, 'yar motar ruwan toka a gaba tana nishi, jif da sauran manyan motoci suna rarrafe a bayanta ba halin wucewa, don ba a wuce amarya. Kande ta ɗora tafin hannunta a kan hon ba ta ɗaga ba. Esta ta leƙo ta taga tana guɗa, masu keke suna kaucewa, masu shaguna suna fitowa kallo. Mutanen da suka saba yin salati in sun ga motar nan da rakiya a bayanta, yau sai ga wasunsu suna ɗaga hannu.

Ta shiga layin gidan Maishanu da gaba, hon yana tashi, ta tsaya daidai bakin zaure. Hajiya Binta tana tsaye a nan cikin matan gida, waya ta riga ta kai mata labari, fuskarta a ɗaure tamau. Kande ta sauko, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta gaishe ta da ladabi.

"Hajiya, sannu da hidima. Wancan karon na tsorata ki, na kuma ba ki haƙuri. Yau da gaba na zo, da hon. Mai rai na kawo miki."

Ta zuge ƙofa. Hajiya Binta ta daɗe tana kallon motar. Sai ƙafa mai lalle ta sauko ta taka ƙasa. Hajiya ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma bari ko gefen mayafinta ya taɓa motar ba, amma ta matso ta kama ɗaya hannun amarya.

"Jabbama, ɓingel am," ta ce da Fulatanci, tana yi wa amarya maraba, tana kiranta 'yarta. Sannan ta ce wa Kande, ba tare da ta kalle ta ba, "In kin fito ki gyara fakin, kin tare hanya."

Kande ta ce to. Ta riƙe hannun dama, Hajiya ta riƙe na hagu, suka shiga da ita. A bakin ɗaki Kande ce ta ce ƙafar dama, Najiba ta taka jan kafet ɗin nan mai furanni, aka zaunar da ita a bakin gado. Kande ta ba da amana a gaban mata, ta faɗi sunan Fanta da ƙarfi don kowa ya ji, ta juya ta fita da sauri kafin a ga fuskarta.

Matan Lau za su kwana da amarya, don haka ita da Esta kaɗai suka shiga mota, rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Tana zama ta ji abin da ba ta taɓa ji a cikinta ba. Humra da turaren amarya sun rufe kafur, sun rufe kifi. Ta sha dawowa da motar nan ba kowa a baya, ba ta taɓa zubar da hawaye a kan sitiyari ba, amma yau sai da ta goge ido da gefen gyale kafin ta ga hanya. Ta ɗaga gilasan duka, waɗanda suka daɗe ba su ga sama ba har suna ƙara, ta tayar da mota. Zafin Jalingo ya rufe su, na'urar sanyi kuwa ba a maganarta. Ba su kai gadar Mayo Gwoi ba gumi ya jiƙa Esta sharkaf, ta kai hannu.

"Mama, zafi zai kashe mu. Bari na sauke gilas."

"Kada ki taɓa shi," in ji Kande. "Ƙamshin zai fita."